Ɗiga wa Inna Magani a Alƙahira

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma a garinmu na bakin kogi, gabas da Kano, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta tsayar da ido a fuskarsa. Idan tana son ya yi wani abu sai ta gaya wa wani ya gaya masa, ko da yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Haka na taso, kuma ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙi ba. Na san tsokar da ta fi kyau a miya a kwanona take ƙarewa, na san idan na yi zazzaɓi ba ta barci. Sai dai har na fara furfura ban taɓa zama da Inna mu biyu mun yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Abin yana raina, ban gaya wa kowa ba. Ina so ko sau ɗaya ne mu yi hira kafin ɗayanmu ya bar duniya.

Da na zo Ingila sai nisan ya ƙaru. Idan na buga waya gida ƙanwata ce ke ɗauka. Ta kara wa Inna wayar a kunne, in gaishe ta, ta ce, "Lafiya lau. Allah ya yi albarka." Daga nan sai muryar ƙanwata ta dawo da sauran labari.

A lokacin muna zaune a unguwar Moss Side a birnin Manchester, ni da matata da 'ya'yanmu biyu. Aikina shara da goge-goge ne a manyan ofisoshin da ke bakin ruwa a Salford. Allo na yi a gida, ban yi boko ba, shi ya sa na shiga ajin manya a laburaren unguwarmu, inda ake koya mana karatu da rubutu. Shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ke nan. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rage ranakun buɗe laburaren, ajinmu ya koma sau ɗaya a mako, aka tura mu wani ƙaramin ɗaki a baya inda ake ajiye kujeru. Malamarmu wata dattijuwar Baturiya ce. Da ta ga lokaci ya yi mana kaɗan sai ta ajiye littafin labarai gefe, ta fara zuwa da kwalayen magani da gwangwanayen abinci daga gidanta. Ta ce mu fara da abin da za mu tarar a kicin da banɗaki, labari ya jira. Ni a raina na fi son labarin.

Cikin wannan shekarar idon Inna ya yi yana. Ƙanwata ta ce ta daina gane mutane sai sun yi magana, ta daina tsince shinkafa. Na nema mata biza ta zo a duba ta a nan, aka hana. Na sake nema, aka sake hanawa. Wata Asabar na hau doguwar mota zuwa Birmingham, wurin wani likita ɗan garinmu da ke zaune a Selly Oak. Ɗan maƙwabcinmu ne a gida, na girme shi, kuma bai taɓa daina ce min Yaya ba duk da ya zama GP, cikakken likita.

Ya saurare ni yana shan shayi, ya ce, "Yaya, cataract ce kawai, yanar ido, ƙaramin aiki ne. Ka bar wahalar da kanka da visa. Ka kai ta Cairo, Alƙahira ke nan, can mutanenmu suke zuwa. Ita ta taso daga Kano, kai ka taso daga nan, ku haɗu a tsakiya."

Matarsa, ita ma 'yar garinmu, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "To wa zai yi muku tafinta, kai da Inna? Ko za ku ɗauki Balarabe haya ya riƙa isar da saƙo?"

Muka yi dariya. Na ce ai ƙanwata za ta rako ta, babu matsala.

Sai ga shi fasfon ƙanwata bai fito a kan lokaci ba, asibiti kuma ya riga ya sa rana. Aka haɗa Inna da wata Hajiya maƙwabciyarsu, 'yar kasuwa mai zuwa Alƙahira sarin dogayen riguna. Aka ce ƙanwata za ta biyo baya da zarar fasfon ya fito. Na ɗauki hutu a wurin aiki. Ranar da zan tafi 'yata ta tambaye ni, da Turancinta na Manchester, wai da gaske kakarta ba ta taɓa kiran sunana ba. Na ce da gaske ne. Ta ce, "That's well weird, Dad," wai abin da ban mamaki. Uwarta ta ce ta rufe wa mutane baki ta ɗauko min jaka.

Na sauka Alƙahira da rana tsaka. Daga filin jirgi har masauki ƙahon mota bai yanke ba. Gidajen dogaye ne, launin ƙasa, kowace baranda da shanya. Muka hau wata gada, sai na ga Nilu a ƙasa, shimfiɗe, faɗinsa ya ninka kogin garinmu ko da a tsakiyar damina. Direban ya nuna min shi da haɓa kamar yana nuna wani ɗan'uwansa.

Hajiya ta kama mana flat, wato sashen haya, a wani tsohon bene inda mutanenmu masu zuwa asibiti suka saba sauka. Can sama yake, da wani lif mai ƙofar ƙarfe wanda yake tafiya kamar ba ya so. Na yi sallama na shiga. Ga kujeru a falo, amma Inna tana ƙasa a kan darduma, ta miƙe ƙafafu. Ta ƙanƙance. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta. Ta amsa, fuskarta tana wajen bango, sannan ta ce, "Hajiya, mutanen Ingila sun iso lafiya?"

"Ga shi nan a gabanki, tambaye shi mana!"

"A ba shi ruwa," in ji Inna.

Kwanakin farko sun zo da sauƙi saboda Hajiya. Mace ce mai ƙiba da fara'a, ba ta gajiya da magana, ta iya Larabcin kasuwa. Ita ta nuna mana yadda matan benen suke sayayya: akwai kwando ɗaure da igiya a baranda, sai ka zura shi ƙasa ka ƙwala wa mai shago kira, ya zuba maka gurasa ko tumatir, ka jawo. Inna ta lalubi igiyar da hannu ta ce waɗannan mutane sun mayar da titi rijiya. Duk abin da za ta ce min ta bakin Hajiya yake biyowa, ni ma ta nan nake mayarwa.

Aka yi aikin idon dama, aka ce na hagu sai bayan wani lokaci. Muka dawo da ita an rufe idon da auduga da wani ɗan murfin roba. Washegari likitan asibitin ya cire audugar, ma'aikaciyar jinya ta miƙo min leda da ƙananan kwalabe uku na maganin ɗigawa da takardar bayani. A ranar Hajiya ta haɗa kayanta, za ta wuce Dubai ƙarin sari, jirginta ba ya ɗaguwa.

Na raka ta har ƙasa. Na ce, "Hajiya, da kin ƙara ko kwana biyu."

"Kasuwa ce ta kawo ni, ɗan nan. Kuma uwarka ce, ba surukarka ba. Je ka ɗiga mata magani."

Na hau sama. Ban taɓa jin shiru irin na falon nan ba, duk da hayaniyar titi tana shigowa ta taga. Inna tana zaune inda take, baƙin tabarau a fuskarta. Na zauna a kujerar da ta fi nisa, na zazzage ledar. Kowace kwalba da rubutun Larabci a gefe ɗaya, Turanci a ɗaya gefen. Haruffan Larabci na san su tun ina yaro, amma Larabcin likitoci ba na allo ba ne. Na juya gefen Turanci, na sa yatsa ina bi a hankali yadda muke yi a ɗakin kujeru. Ɗaya ta ce a girgiza kafin a ɗiga. Ɗaya ta ce a ajiye a wuri mai sanyi. Takardar asibitin ta ce a ɗan jira tsakanin wannan da wancan. Na karanta, na sake karantawa, har na tabbata. Don kada in rikice sai na ɗaura lokutan a kan salloli.

Aka kira azahar. A Alƙahira kiran salla ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba, wannan masallaci ya fara, wancan ya karɓa, har garin ya cika. Na tashi da kwalbar a hannu na tsaya a tsakiyar falo. Ban san yadda zan ce mata ta ɗaga kai ta dube ni ba. A rayuwata ban taɓa ba ta umarni ba.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kwalbar nan ta ce lokaci ya yi."

Can ta ce, "To, tunda ta ce."

"Ta ce a cire tabarau. A ɗaga kai sama."

Ta cire, ta ɗaga. Na durƙusa a gabanta, na sa yatsa na ja fatar ƙasan idon yadda ma'aikaciyar ta nuna min. Babu inda za ta duba sai fuskata. Ɗigon farko ya kauce, ya sauka a kumatunta ya gangara.

"An yi asara," in ji ta.

Na biyu ya shiga. Ta runtse ido, na riƙe mata auduga. A wannan ɗan lokacin na ga abubuwan da ban taɓa gani ba: wani ƙaramin tabo a gefen girarta, da yadda tsagen fuskarta suka nutse cikin tamoji, da gashin idonta da ya yi fari. Ita ma da sabon idonta ta ga abin da ta gani. Na koma kujerata ina jiran lokacin kwalba ta biyu.

Haka muka ci gaba. Kwalba ta ce kaza, takarda ta ce kaza. Ita kuma idan za ta tambaye ni sai ta jefa maganar cikin ɗaki: "An ci abinci kuwa?" In amsa wa ɗakin, "An ci."

Inda muka samu saɓani shi ne alwala da sujada. Takardar ta ce kada ruwa ya taɓa idon, kada ta sunkuyar da kai ƙasa na ɗan lokaci. Na faɗa mata takarda ta ce a yi taimama, a yi salla a zaune.

"Takardar musulma ce?"

Ta lalubi buta ta nufi banɗaki. Na yi sauri na tsaya a ƙofar, kaina a ƙasa. Ban taɓa tare mata hanya ba. Muka tsaya haka, ita da buta, ni da takarda. Daga ƙarshe na ciro waya na kira likitanmu na Birmingham, na ci sa'a yana hutun cin abinci. Na sa a amsa-kuwwa.

"Inna, ni ne ɗan gidan mai goro. Ina wuni? Yaya idon?"

Nan take muryarta ta saki. Ta tambayi uwarsa, ta tambayi matarsa, ta tuna masa ranar da ya faɗa kwata da sabuwar rigar salla. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Inna, lalura ce, addini ya yi sauƙi a nan. Ki yi taimama. Abin da Yaya ya gaya miki daidai ne, ki bi shi, shi ne likitanki yanzu."

"Shi ɗin?" in ji Inna. Amma ta ajiye butar. Na sauka ƙasa, mai gadin benen ya samo min wani faffaɗan dutse mai tsabta, na kawo mata.

Bayan la'asar takan yi barci, ni kuma in fita. Ban san kowa a garin ba, ba na kuma sauri. Wata rana in bi bakin kogi, inda masu gasa dankali suke tura kekunansu, samari da 'yanmata suna jingine da ƙarfe suna kallon ruwa. Wata rana in hau mota zuwa tsohon gari. Can na ga ƙofofin ganuwa na dutse, masu tsayin da sai ka ɗaga kai hularka ta nemi faɗuwa, suka tuna min da ƙofofin Kano, sai dai namu na ƙasa ne. Lunguna matsattsu, maƙeran tagulla suna ƙwanƙwasa, wani mutum a kan keke da faifan gurasa mai tsayin ƙofa a kansa yana ratsa mutane bai zubar da ko ɗaya ba. Na shiga wani masallaci da aka ce ya fi shekara dubu. Tsakar gidansa fili ne fetal, babu kowa sai tantabaru da wani tsoho yana barci a inuwar ginshiƙi. Na zauna na daɗe. Na lura duwatsun bakin ƙofa sun lotsa a tsakiya saboda ƙafafun da suka taka su.

Idan na dawo sai in zauna in ba ɗakin labari. In ce yau an ga kaza, an ga kaza. Inna tana jan carbi kamar ba ta ji, amma idan na tsaya sai ta ce, "Sai kuma me?" Labarin kogin ya fi jan hankalinta. Daga barandarmu ana hango ɗan yankinsa tsakanin benaye biyu, kuma kullum idonta yana ƙara washewa. Da farko ta ce wani abu ne mai ƙyalli. Daga baya ta fara ganin jiragen ruwa masu farin zane suna wucewa.

"Akwai masunta a cikinsa?"

"Akwai."

"Da taru ko da ƙugiya?"

"Ban lura ba."

"Mutum ya je har bakin kogi bai lura ba," in ji ta, tana gaya wa carbinta.

Da muka koma asibiti likitan ya duba ya ce ido ya yi kyau, tana iya fita da tabarau in ba cikin ƙura ba. A hanyar dawowa, muna cikin tasi, ta ce a tsaya a bakin ruwan. Hantsi ne, rana ba ta yi zafi ba. Na riƙe mata hannu muka sauka matakala zuwa wani benci a ƙarƙashin bishiya. Wani mai jirgi ya taso yana mana tayin yawo, ta ɗaga masa hannu ta ce ta gode, ita ta gama shiga jirgi a duniya in ban da wanda zai mayar da ita gida.

Kusa da gaɓa akwai wani ƙaramin kwalekwale, iyali guda a ciki. Mijin yana jan taru, matar ta sunkuya tana wanke tukunya a ruwan, ga risho da bargo a naɗe. Da alama a nan suke kwana. Bayansu manyan otal-otal ne masu gilashi. Inna ta ɗaga tabarau kaɗan ta dube su.

"Taru ne," ta ce.

Ruwan yana tafiya a hankali, kore-kore, yana ɗauke da ganyaye. Can sai ta fara magana, fuskarta tana kan kogin.

"Ranar da aka zo yaye, da hantsi ne kamar haka. Gwaggo ce ta zo ɗauka, za a kai wa tsohuwata a tsallake. Ni an ce kada in fito, kada in yi rakiya, kada a ga komai a fuskata. Yarinya ce ni. Uwar miji ta auno gero ta ce in surfa, don in samu abin yi. Daga inda turmin yake, in an yi ɗage ana hango mashiga ta kan danga. Na ga an shiga kwalekwale. Ana ta kuka, ana miƙo hannu wajen gida."

Ta gyara mayafinta.

"Ban yi ɗage sau biyu ba. Na ci gaba da daka. Da uwar miji ta dawo ta leƙa turmi, sai ta tarar geron ya zama gari, da dusar da komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta kwashe ta ba awaki."

Ban san wannan labari ba. Na san an yaye ni a wurin kakata, na zauna can har na isa shiga makarantar allo, amma ban taɓa tunanin abin da ya faru a wannan gefen kogin ba. Na ji idan na yi magana zan ɓata wani abu. Sai na ce, "Awakin sun ji daɗi."

Kafaɗunta suka motsa. Ban tabbata ba ko dariya ce. Ta ce, "Sun ji." Muka zauna har aka kira azahar, sannan na ce kwalba tana jira, muka tashi.

Bayan kwana biyu ƙanwata ta iso da jakunkuna da kuka da daddawa da labarin gida. Flat ɗin ya cika da murya. Inna ta koma yadda take, abin da za ta ce min sai ya bi ta wurin ƙanwata. Ban ji haushi ba. A gaban mutane haka ya kamata, kuma ƙanwata mutane ce. Hutuna ya zo ƙarshe, wurin aiki ba sa ƙara ko kwana ɗaya a lokacin, don masu jiran gurbin suna da yawa. Aikin ido na biyu sai bayan na tafi. Na zaunar da ƙanwata na nuna mata kwalaben, wadda ake girgizawa da wadda ake sa wa a firji, na nuna mata yadda ake jan fatar ido. Ta ce, "Yaya, yaushe ka zama nas?" Na ce tun da fasfonki ya maƙale.

Na sa a raina abin da na samu a bakin kogi shi ne rabona. Labari ne aka ba ruwa ina kusa na ji, kuma ya ishe ni godiya.

Ranar tafiyata, bayan mun karya, jakata tana bakin ƙofa, mai tasi zai zo kafin azahar. Inna ta ce wa ƙanwata tana son lemon tsami.

"Bari in zura kwando."

"Na mai shagon nan ba su da ruwa. Na kasuwar bayan masallaci nake so."

"Inna, da nisa fa. Kuma ni ban iya Larabci ba."

"Lemon tsami ba ya bukatar Larabci. Ki nuna da hannu. Ki zaɓo masu laushi, kada ki yi gaggawa."

Ƙanwata ta dube ta, ta dube ni, ta ɗauki mayafi tana gunaguni. Muka ji ƙofar lif ta rufe, ya fara sauka.

Inna ta cire tabarau ta ajiye a cinya. Ta dafa dardumar kusa da ita.

"Zo nan ka zauna."

Na zo na zauna. Ta juyo ta dube ni, babu kwalba a hannuna.

"Ka rame a wuya. Matarka ba ta tuwo ne?"

"Tana yi, Inna. Aikin ne da tafiya."

"Gwiwar da kake ɗingisawa fa? Na ga kana hawa matakala da ƙyar."

"Sanyi ne. Idan bazara ta zo takan saki."

"Ka riƙa shafa man shanu da ɗumi. An ce wai makaranta kake zuwa, da furfurarka."

"Ina zuwa. Ranar Talata."

"Ana dukanku?"

Dariya ta ƙwace min, ita ma ta yi, har ta kai hannu za ta goge ido na riƙe hannun na ce likita ya hana. Ta ce to, likita. Na ba ta labarin ajinmu, da malamar da ke kawo gwangwanaye, da wani tsoho ɗan Jamaika da ke zama kusa da ni yana cin alewa a ɓoye. Ta tambayi yaran, wa ya fi rashin ji, wa ya yi kama da wa. Na ce yarinyar bakinta irin na Gwaggo ne. Ta ce Allah ya ba mijinta haƙuri.

Sannan ta ce, "Tunda sun hana ni zuwa, faɗa min gidan naka. Fara daga ƙofa. In na shiga, me zan fara gani?"

Na fara. Na ce ƙofar ja ce, da an shiga sai matakala a gaba, takalman yara zube a ƙasa. Falo yana dama, tagarsa tana kallon titi inda bas ke tsayawa. Ta tambayi inda ake girki, na kai ta kicin. Ta tambayi inda ake shanya, na ce akwai ɗan fili a baya, amma ruwan sama ba ya bari, sai a kan hita mai ɗumama ɗaki. Ta ce wannan ba shanya ba ce, gashi ne. Muna shirin hawa sama in nuna mata ɗakunan kwana sai muka ji ƙarar lif daga can ƙasa, an ja ƙofar ƙarfen, ya taso. Na katse labarin, na fara gyara zama zan koma kujerata.

Inna ta riƙe bakin rigata.

"Abin nan a hankali yake tafiya," ta ce. "Hau da ni. Ɗakin wa ke farko?"